Daga Ƙofar Ruwa zuwa Agadas da faifai 12 a aljihu

Gayyatar ta zo ne a ƙarshen Disambar 2018. Wani abokina Ba'abzine, wanda ya daɗe yana kawo kayan azurfa da na fata Kasuwar Kurmi, ya ce zai aurar da ƙaninsa a Agadas, kuma in ban je ba kada in ƙara kiransa ɗan'uwa. Ban ja rai ba. Zumunci ne ya sa na amsa, amma akwai wani abu a ƙasan zuciyata: shekara bakwai ke nan ina jin jitar Abzinawa a ɗakina a Kano, ban taɓa taka ƙasar da ta haifi kiɗan ba.

Daren da zan tafi, haɗa jaka bai ci mini lokaci kamar haɗa memori ba. Faifai 12 na zaɓa na zuba a ciki. Ni mai jin faifai ne daga farko har ƙarshe, ba na tsallake waƙa, kuma a wurin mahaifina na gaji wannan. Rediyonsa mai kaset batir shida take ci, shi kuwa a wurinsa tura kaset gaba ɓarnar batir ce. Duk abin da ya zo sai an saurare shi, in gefe ya ƙare a zare a juya, in ana son komawa farko a zura biro a rami a yi ta wulwulawa. Sai da na girma na gane cewa wanda ya jera waƙoƙin nan yana da dalilinsa na sa wannan gaba da waccan.

Mun tashi daga tashar Ƙofar Ruwa bayan sallar Asuba, cikin hazo da sanyin Janairu, kowa ya naɗe kai. Naira 1,500 na biya zuwa bakin iyaka. Ko Dawanau ba mu kai ba direba ya saki Shata, don haka memorina ya zauna a aljihu. Ba a sa abu a kunne Shata yana waƙa.

Daga Dambatta har Kazaure kalangu ne ke jan motar. Wani dattijo a gidan gaba yana bin amshi a hankali, yana buga yatsa a gwiwa, in an zo baitin da ya yi masa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji." Da muka shiga Daura ya nuna da haɓa ya ce a nan yake kwance. Haka ne kuwa: a Musawa aka haifi Mamman Shata a 1923, ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne. Na tambayi direba sunan kaset ɗin da muke ji. Ya ce, "Malam, Shata ne kawai. A tasha aka zuba mini." Wannan amsa ta daɗe tana yi mini ciwo tun kafin in ji ta daga bakinsa. Mutumin da ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, amma yau in ka ɗauki waƙarsa da wuya ka san shekarar da aka naɗe ta, ko a wane gari, ko wa ke riƙe da babban kalangu a ranar. Bakandamiya kanta kala-kala ce a hannun mutane, wata doguwa wata guntuwa, ba a rubuta wace ce ta riga wata ba. Haka Narambaɗa, haka Ɗanƙwairo, haka Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa. Sauran faifan da ke aljihuna kuwa, har sunan wanda ya riƙe na'urar naɗa an rubuta a bayansu.

Tsakanin Daura da Kongolam shingaye sun yi yawa har na daina ƙirga. A nan na sa iyafis na kunna Zombie na Fela. Ban taɓa sonsa don zagin sojan da ke ciki kawai ba, ko da yake zagin ne ya sa mutane suka san shi, kuma bayansa ne sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas a Fabrairun 1977. Abin da ke riƙe ni shi ne gangar Tony Allen: hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da abin da yake faɗa, babu mai taka wani. Ana shafe mintoci ana kiɗa zalla kafin murya ta shigo, kuma ba ka ƙosawa. Motarmu tana tsayawa tana tashi, gangar ba ta canza taki ba ko sau ɗaya.

A Kongolam aka buga mini hatimi a fasfo, na canji kuɗi a hannun 'yan canji da ke zaune a inuwa da damin takardu. Jaka ɗaya ta sefa, wato faran 1,000, ta kama naira 630 da ɗan wani abu. Lissafin Nijar sai an koya: da dala suke ƙirga, dala ɗaya faran 5 ce. Mai ruwan leda ta ce mini dala biyar, na miƙa mata abin da na zaci shi ne, ta dube ni ta ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Faran 25 ke nan, ɗana." Ta zaɓi kuɗinta a tafina ta mayar mini da sauran. A ɓangaren Nijar an nemi katin rigakafin shawara, na nuna, aka duba jakata aka sallame ni. Wasu samari biyu da ba su da kati sun daɗe a ciki, muka jira su kusan awa guda.

Matamai, Kance, Takeita, duk gonakin gero ne da aka girbe da rumbuna, ba abin da ya bambanta su da ƙauyukan Daura sai allunan Faransanci. La'asar sakaliya muka shiga Damagaram.

Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kan jaka 10. Ɗakin tsaf, amma famfo ba ya kawo ruwa, sai yaron masaukin ya kawo bokiti biyu ya ce in yi tattali. Matsalar ruwa tsohuwar aba ce a garin, ko'ina ka duba 'yan garuwa ne da jarkoki a kan kura. Kafin magariba na zaga Birni, unguwar fadar Sarkin Damagaram, inda manyan duwatsu ke tsaye tsakanin gidaje kuma har yanzu ana ganin zanen magina a fuskar zaure, irin wanda siminti ya cinye mana a cikin Kano. Nan ne babban birnin Nijar a zamanin Faransa har 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Na ci tuwon gero da miyar kuka, na sayi kilishi na guzuri. A teburin mai shayi kuwa kamar ban bar Fagge ba: waƙoƙin fina-finan Kano ne ke tashi, in an gaji a sa na Indiya.

Da na koma ɗaki na kashe fitila na kunna In the Heart of the Moon, faifan da Ali Farka Toure da Toumani Diabate suka fitar a 2005. A wani otal a Bamako, bakin kogin Kwara, aka naɗe shi, galibi jita ɗaya da kora mai tsirkiya 21, kusan babu murya. Kamar dattawa biyu ne a kan tabarma bayan Isha'i, wannan ya faɗi tasa, wancan ya ce haka ne ya ɗora. Ali ya rasu a Maris 2006, yana magajin garinsu Niafunke, kuma a rayuwarsa ya fi son a kira shi manomi. Turawa sun so su ce kiɗan baƙaƙen Amurka yake kwaikwayo, shi kuwa ya tsaya a kan cewa daga nan aka tafi da shi can. Wanda ya taɓa jin mai gurmi ko mai molo yana kiɗa shi kaɗai da dare ba zai yi masa musu ba. Ban kai ƙarshen faifan ba barci ya ɗauke ni, ban cika masa ƙa'ida ba.

Ƙarfe huɗu na dare muna tashar bas. Jaka tara kuɗin mota zuwa Agadas, tafiyar kusan kilomita 450. Mun wuce fitilun matatar mai ta SORAZ gari bai waye ba. Daga Tanut ƙasa ta fara sauya fuska: gero ya ƙare, itatuwa suka koma ƙaya, rumbu ya ɓace, sai raƙuma da tantuna nesa-nesa.

A shingen bayan Tanut aka sauke duk wanda ba ɗan ƙasa ba. Mu bakwai ne. A lokacin, saboda dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015, duk baƙon da ya nufi arewa sai ya yi bayani, domin Agadas ce ƙofar Libiya da Aljeriya. Jandarma ya juya fasfona ya ce, "Malam, Libiya za ka?" Na ce biki za ni. Ya ce bikin wa, a wace unguwa, yaushe zan dawo. Na nuna masa katin gayyata a waya, ya kira lambar abokina da kansa, suka yi magana, sannan ya miƙo mini fasfo ya ce Allah ya sa alheri. Mu huɗu muka koma mota. Sauran ukun, samari ne da ƙananan jakunkunan goyo, ba su dawo ba. Ɗayansu bai fi shekara 18 ba, kuma shi ne ya ba ni rabin burodinsa da safe. Na daɗe ina waiwayen shingen. Exodus na Bob Marley na cikin faifan da na zo da su, wanda ya naɗa a Landan a 1977 bayan an harbe shi a Jamaika ya bar gida. Na yi niyyar jin sa a wannan yanki, amma na kasa kunna shi. Kujerar yaron tana gefena babu kowa.

Hanyar daga nan ta lalace. Kwalta ta zama tsibiri-tsibiri, direba ya fi bin gefe cikin rairayi, ƙura tana shigowa ta ko'ina har tana ƙas-ƙas a haƙori. Da yamma, kafin mu kai Adarbisanat, aka ji ƙara a ƙarƙashin mota, ta karkata ta tsaya. Sifirin ne ya karye. Yaran mota suka shiga ƙarƙashi, direba ya ce sai an kawo wani daga gari, kuma babu sabis sai an hau wani tudu.

A Kano da tuni an fara zage-zage. A nan ba wanda ya ɗaga murya. Aka yi taimama aka yi Magariba, mata suka shimfiɗa zannuwa a gefen da motar ta tare iska, wasu suka tsinto itace. Sanyin da ya sauko bayan Isha'i ban taɓa jin irinsa ba, rigar sanyi biyu na sa amma haƙorana na haɗuwa. Wani dattijo Ba'abzine mai baƙin rawani, idanunsa kawai ake gani, ya yafito ni da hannu. Ya ciro 'yar buta shuɗiya da ƙananan kofuna daga jakar fata, ya jawo garwashi ya ɗora shayi. Yana ɗaga butar sama yana zubawa, yana mayarwa, har kumfa ta kai rabin kofi. Na fito da kilishi, shi kuma ya ɓallo cuku da dabino.

Ya ga iyafis a wuyana ya ce, "Ɗana, me kake ji tun safe kai kaɗai?"

Na ji kunya ƙwarai, don tambayar ta yi gaskiya. Na miƙa masa kunne ɗaya, ya ɗaga gefen rawani ya sa. Kind of Blue na Miles Davis ne ke kan layi, faifan jaz da aka naɗa a New York a 1959, waƙa biyar babu murya ko ɗaya. Na so in canza, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Muka ji ta farko, muka ji ta biyu, muka shiga ta uku, wadda ƙahon ke fita a shaƙe kamar mai magana cikin bargo. Shekara goma ina jin wannan faifai, a kullum ina ɗaukar sa kiɗan birni ne, na dare da fitilun titi. A wannan fili, babu gini babu fitila, taurari har ƙasa, sai na ji cewa rabin faifan shiru ne, kuma mai busan yana barin shirun ya gama nasa kafin ya shigo. Mu da muka saba da algaita, wadda ba ta yanke numfashi, wannan wani irin busa ne daban. Dattijon ya kurɓi shayi ya ce, "Mutumin nan yana nesa da gida." Bai ƙara komai ba.

Da faifan ya ƙare na sa Aman Iman na ƙungiyar Tinariwen, na 2007. Jita ta farko na tashi ya gyara zama. Ya ce sunan yana nufin ruwa shi ne rai, kuma magana ce da kowane yaro ya sani a wurinsu. Ya ce kiɗan nan asuf suke kiran sa. Na ce mene ne asuf? Ya yi shiru, sannan ya nuna duhun da ke bayan wutar da muke ji. Ya ce kewa ce, amma ba ta mutum ɗaya ba, ta wuri ce da mutanen da suka watse. 'Yan ƙungiyar Abzinawan Mali ne da fari da rikici suka kora Aljeriya da Libiya, a can suka koyi jitar lantarki. Ya ce a lokacin tawaye, farkon shekarun 1990, in aka kama ka da irin wannan kaset ka shiga uku, don haka ba a rubuta komai a jikinsa, daga hannu sai hannu, kowa ya kwafa ya miƙa. Yana fassara mini baiti-baiti da Hausarsa mai taushi, wani wurin ya tsaya ya ce wannan ba ya fassaruwa. Tafin da ke cikin kiɗan, wanda na ɗauka ado ne, ya ce daga tende ya fito, gangar turmi da mata ke kaɗawa, takinsa kuwa takun raƙumi ne. Na shekara bakwai ina kaɗa kai ga waƙoƙin da ban san suna maganar ƙishirwa da gudun hijira ba. Shayi uku muka sha, kamar yadda al'adarsu take, batirin wayata ya mutu ana saura waƙa biyu.

Sifirin ya iso da asuba a bayan wata Hilux. Hantsi muka tashi, azahar muka hango hasumiyar Agadas.

Duk hoton da na gani bai shirya ni ba. Ginin ƙasa ne zalla, tsayinsa mita 27, itatuwa sun fito a jikinsa kamar ƙaya, an fara gina shi wajen 1515 aka sake shi a 1844, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Na hau ta wata matattakala da ke ƙara matsewa har sai da na bi ta a karkace, daga sama na ga gari ja kamar an toya shi, fadar Sarkin Abzin a ƙasa, duwatsun Abzin can arewa. Na tuna ganuwar Kano da yadda muke kallo ana yanka ta ana gina shaguna. A gindin wannan masallaci ne Bombino, mai jita Ba'abzine, ya yi wasa a Janairun 2010 bayan an kwance ɗamarar tawaye na biyu, kuma faifansa Agadez na 2011 shi ne ya fara buɗe mini wannan ƙofa. A makon da na je, duk mai shago ya san an sa sunansa cikin masu neman kyautar Grammy da faifansa Deran, karo na farko ga ɗan Nijar.

Hausa ake yi a kasuwa da lungu, ban nemi tafinta ba ko sau ɗaya. Abokina ya sauke ni a gidansu, aka ba ni ɗakin soro mai ɗumi. Na ci tagella, burodin da ake binnewa a cikin rairayi mai zafi da toka, a kakkaɓe a gutsuttsura cikin romon rago. Ga lemon Timiya mai zaƙi, wanda ban zaci ana samu a tsakiyar hamada ba. Na zauna wurin maƙeran azurfa ina kallon yadda ake zuba narkakken ƙarfe a mazubin yumɓu, na sayi sarƙa mai tambarin Agadas ta jaka 15 don uwargida.

Ranar biki da la'asar aka tare layi da tabarmi. Janareta a gefe, lasifika biyu da suka sha duniya, samari huɗu da rawuna: jita biyu, jitar bes, da mai ganga. Babu dandamali, a ƙasa suke tsaye cikin jama'a. Mata sun zauna gefe guda cikin baƙaƙen lufaya masu sheƙi, maza a ɗaya gefen. Da aka fara, ban gane kiɗan ba. Abin da na sani a faifai mai natsuwa ne, an tace shi, kowace tsirkiya tana fita sarai. Wannan kuwa gudu yake, lasifika na kuka, mai ganga kamar ana bin sa, waƙa ɗaya tana kai minti 20 saboda masu rawa ba su yarda a tsaya ba. Biyu-biyu ake shiga fili, a yi rawar kafaɗa da hannu, ƙura ta tashi, guɗa ta tashi, a liƙa wa mai jita kuɗi a rawani. Ana kiran Magariba aka zare waya, kowa ya nufi alwala. Rabon da in ga makaɗa da kayan kiɗa a hannu a bikin Kano har na manta. Mun koma mai kwamfuta ɗaya da lasifika goma, masu kalangu kuwa suna bakin ƙofa ana ba su naira ɗari su tafi.

Bayan Isha'i samarin gidan suka kewaye ni, kowa da waya, ana tura waƙoƙi ta Bluetooth. Na nuna musu nawa, kowane faifai da sunansa da shekararsa da hoton bangonsa. Wani ya ce, "Yaya, duk wannan na mutum ɗaya ne a jere? Mu wadda ta yi daɗi muke ɗauka." Suka tambaye ni ko na san Mdou Moctar, mai kaɗa jita da hagu. Na ce ina da faifansa Anar. Suka yi mamaki da na ce a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fina-finanmu, kuma ta wayoyi irin nasu ya yaɗu har ya kai kunnen Turawa. Ashe kiɗan da na yi tafiyar kwana uku don in ga tushensa ya riga ya je gidanmu ya ɗebo wani abu ya dawo. Na kwafa musu duka 12. Ƙaramin cikinsu na roƙe shi abu ɗaya, ya ji na Ali Farka daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya ne. Ya ce in sha Allahu.

Shi ne kuma ya tura mini abin da ya naɗa da wayarsa a filin biki, guda tara, babu suna sai lambobi. Kwana huɗu na yi. Dawowa lafiya lau, kwana biyu, babu abin da ya karye, kuma a shingen bayan Tanut na leƙa ban ga kowa ba sai jandarmomi.

Da na iso gida na zauna na jera guda taran nan yadda aka kaɗa su a ranar, na kira abokina ya tambayo mini sunayen makaɗan huɗu da na waƙoƙin, na rubuta kwanan wata da sunan unguwa. A ta shida ana jin janareta ya shaƙe, kiɗa ya yanke, mata suka ci gaba da tafi su kaɗai har wuta ta dawo.